FILIN INJUNA: Tsohon Babur Mai Injekta, A Auna Kafin A Murɗa

Yau filin namu zai yada zango a arewacin Jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa, a kan wata matsala wadda ba kowa ne ya san sunanta ba, amma masu ita sun san zafinta a aljihu. Ita ce matsalar tsohon babur mai injekta, mai silinda biyu ko huɗu, wanda aka wayi gari kowace silinda tana shan iskarta dabam da ta 'yar'uwarta, har ya zama inji yana tari, yana karkarwa, yana mutuwa a inda ba a so.

Akwai dalilin da ya sa muka zaɓi waɗannan garuruwa. Tun daga shekarar 2012 gwamnatin Yobe ta fara hana hawan babur saboda rikicin Boko Haram, sai bayan kimanin shekara 10, a zamanin Gwamna Mai Mala Buni, aka shiga ɗage dokar daki-daki, har ya zuwa 2023 babura sun koma kan titunan Nguru da Gashuwa. Shekara 10 kuwa ba kwana 10 ba ce. Yaron da aka kai gareji yana ɗan shekara 12 a farkon dokar ya koyi aiki, an yaye shi, ya buɗe nasa wurin da nasa yaran, alhali watakila bai taɓa kwance babban babur ba ko sau ɗaya. Hannunsa ya faɗa ne a kan Keke Napep, da janareto, da injin ban-ruwa na fadamun Kogin Yobe, dukkansu silinda ɗaya, kafireta ɗaya. Wannan ba zargi ba ne. Garin da jirgin ƙasa ya iso tun 1930, kamar Nguru, ba za a koya masa riƙon sifana ba. Sai dai sanin kafireta dabam, sanin injekta dabam, kuma dabarar da ke warkar da na farko ita ce takan kashe na biyu.

Su ma baburan ba su tsira ba. Wanda aka jingine a zaure ko a ɗakin ajiya shekara da shekaru, fetur ɗin cikinsa ya bushe ya bar danƙo, tankinsa ya yi tsatsa, robobinsa sun ƙeƙashe. Wanda kuma aka sayo bayan ɗage dokar, galibi na hannu ne, ya ci zamaninsa a Turai kafin ya biyo ta Kwatano ko Legas.

Mu faɗi gaskiya, irin waɗannan babura ba su da yawa a wannan yanki. Abin da ya cika hanya shi ne Bajaj Boxer da 'yan'uwansa masu silinda ɗaya, kuma su ba ruwansu da daidaita silinda, tun da ba su da ta biyu. Maganarmu ta shafi manyan babura ne, irin su BMW R1100 wanda ya fito a 1993 da ƙanensa R1150, da Honda VFR800 na 1998, da Yamaha TDM900 na 2002, da Suzuki V-Strom 650 na 2004. Amma kada mai Boxer ya juya shafi. Injekta a babur ba baƙon abu ba ne a duniya: Kawasaki ya fito da nasa a 1980, Honda ya biyo da CX500 Turbo a 1982, BMW kuma da K100 a 1983. Tun daga watan Afrilu na 2020, sa'ad da ƙasar Indiya ta tsaurara dokar hayaƙin ababen hawa, akasarin baburan da ake sayarwa a cikinta suka bar tsohuwar kafireta. Indiya kuwa ita ce uwar ɗakin kasuwar baburanmu. Abin da ya zama doka a can, ba da daɗewa ba zai zama kaya a nan.

YADDA ABIN YAKE

Inji mai fetur yana bukatar iska da mai bisa gwargwado, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. A babur mai kafireta, iskar da ke wucewa ita ce take zuƙo man da kanta: iska ta ƙaru, mai ya ƙaru. A mai injekta ba haka ba ne. Iska tana shiga ta wani bututu, wanda za mu kira maƙogwaron inji, a cikinsa akwai wani ɗan faifai da yake buɗewa idan an murɗa totur. Mai kuwa injekta ce take fesa shi, bisa umurnin ƙwaƙwalwar inji, watau 'yar kwamfutar nan da makanikai ke kira biren-bos. A irin waɗannan manyan babura kowace silinda tana da nata maƙogwaron da nata faifan.

To, ga inda gizo ke saƙa. A yawancin tsofaffin baburan nan, ƙwaƙwalwa ba ta auna iskar da kowace silinda ta sha. Abin da take dubawa shi ne saurin juyin inji, da kuma wata sansa guda ɗaya tak da ke gaya mata yawan buɗewar faifai. A BMW R1100, alal misali, wannan sansa tana jikin maƙogwaron hagu. Abin da na hagu ya ce, shi ƙwaƙwalwa za ta ɗauka a kan na dama, ta raba musu mai daidai wa daida. Kamar uwa ce mai tagwaye, take duban cikin Hassan kaɗai, sa'an nan ta zuba wa Husaini abinci bisa abin da ta gani. In faifan dama ya fi buɗewa, silindar dama za ta sami iska da yawa mai kaɗan, ta yi zafi, ta riƙa harbi a salansa. In kuwa ya fi rufewa, za ta sami mai fiye da iskarta, fulogi ya yi baƙi, fetur ya bi hayaƙi. Ko da babur yana da sansar hayaƙi, idan guda ɗaya ce a mahaɗar salansa, abin da take ji gauraye ne: ɗaya ta ƙoshi ta yi yawa, ɗaya tana jin yunwa, ita kuwa ta kai rahoto cewa gida lafiya.

Abin lura shi ne, wannan bambanci ba ya nuna kansa a guje. Idan an buɗe totur sosai, 'yar tazarar da ba ta kai kaurin farce ba tsakanin faifai biyu ba kome ba ce. Amma a silo, watau sa'ad da inji ke aiki ba a taɓa totur ba, faifan kusan rufe yake, iskar da ke shiga 'yar mitsitsiya ce, saboda haka wannan tazara takan iya zama babban rabo daga cikin abin da silinda ke samu. Shi ya sa mai babur zai ce maka a kan kwalta, daga Jajimaji zuwa Gashuwa, babur yana tafiya kamar ruwa, amma da ya shigo gari ya rage wuta sai ya fara fizga, gaba da baya, kamar shanun huɗa da ɗaya ya fi ɗaya ja. Silo ba ya tsayawa wuri ɗaya, madubi yana rawa, kuloci yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, wani lokaci in an saki totur sai inji ya daɗe bai sauko ba.

A wata ƙasa wannan abin haushi ne kawai. A nan ya wuce haka. Wanda ya bar kwalta ya nufi ƙauyukan Machina ko Yusufari ya san cewa tafiyar rairayi da ƙaramar giya ake yin ta, da ɗan totur kaɗan a riƙe, watau daidai wurin da cutar ta fi ƙarfi. Babur mai nauyin sama da kilo 200 ya fizge ka ko ya mutu a tsakiyar yashi, ƙafa ce a ƙarƙashinsa. Ya mutu kuma sa'ad da kake hawa babbar hanya, tirela ɗauke da shanu tana tafe, wannan ba ya bukatar bayani. Ga kuma batun kuɗi: kafin a janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin hukuma, amma kafin ƙarshen 2024 ta haye Naira 1,000 a wurare da dama. Man da ke fita ta salansa bai ƙone ba, yanzu abincin gida ne.

GYARAN GANGAR AUZINAWA

Abin da ya fi faruwa shi ne a kai babur gareji, bakanike ya tayar da shi, ya karkata kai ya saurara, ya ce silo ne ya sauka, ya ɗauko sukundireba ya nemi sukurun da faifai ke jingina a kansa ya murɗa. A injin ban-ruwa wannan daidai ne, kuma minti biyu ya isa. A nan kuwa ɓarna ce babba. Wannan sukuru a masana'anta aka saita shi da na'urar auna iska, aka ɗiga masa fenti don kada a taɓa, kuma daga matsayinsa ne sansar totur take fara ƙidayarta. Ka murɗa shi, ka sauya wa ƙwaƙwalwa mafarin lissafi ba tare da ta sani ba. Silo zai tashi, mai babur ya biya ya tafi yana godiya, bayan kwana uku ya dawo da cuta biyu maimakon ɗaya. Mayar da shi yadda yake sai da kayan awon da ba kowane gareji ke da su ba. Saboda haka mai shirin sayen irin wannan babur ya sunkuya ya duba fentin nan tun kafin a yi ciniki. In ya ga an kankare shi, ya san an riga shi shiga, ya rage kuɗi ko ya haƙura.

Ra'ayinmu a wannan fili shi ne, rashin daidaito tsakanin silinda alama ce, ba safai yake zama ita kanta cutar ba. Sukuru ba ya murɗa kansa. Idan babur yana lafiya bara, bana ya karkace, to wani abu ne ya toshe, ko ya tsage, ko ya cinye. Daidaitawa ita ce aiki na ƙarshe, ba na farko ba, kuma wanda ya fara da ita ya shafa hoda ne a kan gyambo.

A wannan yanki abin zargi na farko ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ba ya barin kome, kuma ko da damina ƙasar rairayi ce. Matatar iska, wadda makanikai ke kira iya-kilina, takan toshe tun kafin lokacin da kamfani ya ƙayyade, domin wanda ya rubuta littafin bai yi lissafi da hunturun Nguru ba. Ta takarda ba a wanke ta da fetur, ba a huda ta, ba a kuma cire ta a yar don inji ya sha iska, ko da yake duk ana yi. Bayan ita sai shi kansa maƙogwaron. Tururin baƙin mai da inji ke mayarwa cikin akwatin iska yana haɗuwa da ƙura, ya zama baƙin danƙo a gefen faifai da cikin 'yar hanyar da iskar silo ke bi ta gefensa. Ba dole ba ne danƙon ya taru daidai a ɓangarorin biyu, kuma wannan kaɗai ya isa ya karkatar da inji. Ita wannan 'yar hanya tana da nata sukurun, a BMW babba ne na tagulla, kuma shi ne wanda aka halatta a taɓa. Kafin a cire shi, a murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, ana ƙidaya juyi, a rubuta, kada a dogara da ka. Sa'an nan a fito da shi a wanke bakinsa da ramin, a duba zoben robar da ke jikinsa, a mayar da shi bisa ƙidayar nan. Kada a bari ruwan wanki ya shiga sansar totur. Sau da yawa a nan ciwon yake ƙarewa.

Na biyu, kuma a ganinmu mafi haɗari, shi ne tsagewar roba. Tsakanin maƙogwaro da kan inji akwai robar da ta haɗa su, akwai kuma 'yan ƙananan murafun roba a bakin ramukan awo. Zafin bazara, wanda a watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a inuwa, ga na inji a kai, ga shekaru, yana mayar da su kamar busasshiyar fata. Tsaga ɗaya wadda ido ba ya gani ta isa silinda ta riƙa satar iska. Bakanike mai sauri zai iya rufe sukurun wannan ɓangare har awo ya yi daidai, ya ce an gama. Amma iskar sata ba ta bi ta matata ba. Kowane zuƙa da ɗan yashinsa, kai tsaye zuwa cikin silinda, yana cin ringi da bango kamar an sa takardar goge katako. Roba abu ne na 'yan kuɗi kaɗan. Fistin da ringi na irin waɗannan babura kuwa ba a Gashuwa ba, ko a Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sai an sha yawo, wani lokaci sai an aika Legas ko Nnewi, ko ma ƙasar waje.

Hanyar gano satar iska mai sauƙi ce. A sami guntun tiyo, a sa baki ɗaya a kunne, a bi mahaɗar robobi da ɗaya bakin inji yana silo, za a ji shi yana huci a inda ya tsage. Ko a fesa ruwa kaɗan a wurin, in sautin inji ya sauya, an kama ɓarawo. Wasu da fetur suke wannan gwaji, a kan inji mai zafi, kusa da wayar fulogi. Allah Ya kiyaye, amma kada a bari a yi wa babur ɗinka haka, kada kuma ka tsaya kusa in ana yi wa na wani. A tsofaffi ƙwarai, sandar da faifai ke juyawa a kanta takan cinye mazauninta, ita ma ta riƙa shigar da iska. In aka kama ta da yatsa aka ji tana girgiɗi, to sukuru ba zai yi magani ba.

Na uku bawul. Silindar da bawul ɗinta ya matse ba ta rufewa sosai, saboda haka zuƙarta ba ƙarfi, kuma awon da za a yi mata ƙarya zai faɗa. Ana auna tazarar bawul ne inji yana da sanyi sarai, watau babur ya kwana a gareji a yi da safe. Ga BMW R1100 da R1150, tazarar ita ce milimita 0.15 a bawul ɗin shiga, 0.30 a na fita, kuma kamfani ya ce a duba kowane kilomita 10,000. Kowane babur da tasa lambar, kada a ɗauki ta wani a ɗora wa wani. Fulogi kuma a sa iri ɗaya a kowace silinda, a duba wayoyinsu.

Sai fetur. Injekta tana aiki da famfo mai tura mai da ƙarfin kimanin ba 3, wanda ya fi iskar tayar ƙaramar mota, don haka ba a cire tiyon mai gaba-gaɗi. Ramukan bakin injekta kuwa sun fi ƙofar allura ƙanƙanta. Man galan na 'yan bumburutu, wanda aka juye daga jarka zuwa kwalba a bakin hanya iska tana kaɗawa, kafireta takan haɗiye shi ta yi shiru, injekta ba ta yafewa. Mun san a wasu ƙauyuka ba zaɓi, to a tace da kyalle mai tsabta. Haka nan al'adar zuba lita ɗaya-ɗaya saboda tsada tana cutar famfon, domin a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, kuma in mai ya yi ƙasa dattin gindin tanki yake zuƙa. Batir ma a duba, don mai rauni yana rikita famfo da ƙwaƙwalwa gaba ɗaya.

Akwai wani ɗan abu da ya kamata a duba tun kafin duk waɗannan, musamman a BMW, domin ba ya cin ko kwabo. Wayar totur tana da mazauni a jikin kowane maƙogwaro. In an ɗaga tanki an mayar, takan fita daga mazauninta ta hau baki, sai faifan wannan ɓangare ya ƙi rufewa. Haka kuma 'yar tsakuwa takan maƙale a cikin kwarin da wayar ke naɗewa. Babur ya rikice farat ɗaya bayan an taɓa shi, ko bayan tafiyar burji, a fara leƙa nan.

MA'AUNIN TIYO

In an gama duk wannan, sai awo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki dai kunne bai san kima ba, ko na wane gwani ne. Kamfanoni suna sayar da ma'auni na agogo da na lantarki, amma mai silinda biyu ba ya bukatar jiran saƙo daga Kano. Tiyon nan fari garai da magina ke zuba wa ruwa suna auna lebur ɗin gini, siriri, kimanin mita 6, shi ne kayan aikin. A lanƙwasa shi biyu, a ɗaure tsakiyarsa a jikin katako mai tsawon mita ɗaya da rabi yadda ƙafafunsa biyu za su miƙe sama kusa da juna, a jingine katakon a tsaye. A zuba mai a ciki har ya hau kimanin rabin mita a kowace ƙafa, a bar shi ya kwanta kumfa ya fita. Jan man giyar mota ya fi, saboda ana ganinsa sosai, kuma in tsautsayi ya sa inji ya zuƙe shi, ƙonewa zai yi ya fita da hayaƙi. Ruwa kuwa kada a kuskura.

Hikimar abin ita ce: fistin yana zuƙa, faifai ya tare hanya, saboda haka a bayan faifan akwai ƙarfin zuƙa, kamar mutum ya toshe bakin kara da yatsa yana tsotsa. Gwargwadon rufewar hanya, gwargwadon ƙarfin zuƙar. Kowane maƙogwaro yana da ɗan ramin awo a wannan wuri. A cire murafun, a sa bakin tiyo ɗaya a hagu ɗaya a dama, inji yana kashe, domin in aka haɗa ɓangare ɗaya inji yana aiki, nan take zai shanye man. In aka cusa tsohon jet na kafireta a cikin kowane bakin tiyo, zai rage tsallen da man ke yi.

Dole inji ya yi zafinsa na aiki kafin a fara, cok kuma a kashe. Amma a nan akwai tarko ga masu sanyaya da iska da mai, irin BMW ɗin nan: ba a gina su don su daɗe suna aiki a tsaye ba. A zagaya gari da shi ya yi zafi, a kafe shi a inuwa, a kunna masa fanka a gaba, a yi aikin da sassafe ko bayan la'asar. In an kai minti 10 ba a gama ba, a kashe a bar shi ya huce. Da tsakar ranar bazara a Gashuwa, garin neman gira sai a rasa ido.

A tayar da inji, yatsa yana kan makashi. Ɓangaren da mai ya hau shi ne mai ƙarfin zuƙa, watau shi ne iska ta yi wa kaɗan. A buɗe sukurun silo na wannan ɓangare kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin 8 na juyi, a ɗan taɓa totur a saki, a jira man ya natsu, sa'an nan a sake dubawa. Mai ya fi zaiba rashin nauyi kusan sau 15, saboda haka bambancin yatsa biyu ko uku a wannan tiyo ƙarami ne ƙwarai, kada a ɓata yini ana neman layi ɗaya cif. In sun daidaita amma silo ya yi sama ko ƙasa, a rufe ko a buɗe sukurun biyu tare, gwargwado ɗaya. Ga R1100 ana neman juyi 1,000 zuwa 1,150 a minti.

Wannan rabin aiki ne. Sai a murɗa totur a hankali zuwa juyi 2,500 ko 3,000 a riƙe. In man ya rabu a nan, to ba sukurun silo ba ne, wayoyin totur ne ba sa jan faifai biyu lokaci ɗaya, kuma a notin wayar dama ake gyarawa. A tabbata an bar wa waya ɗan sako-sako in an saki totur, a kuma sake duba awo bayan an ɗaure notin kulle, don ɗaurewar kanta tana motsa shi. A juya kan babur hagu da dama har ƙarshe. In silo ya tashi, waya ta ɗame a wani wuri. A R1150, in an cire batir yayin aiki, a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a murɗa totur har ƙarshe sau biyu ko uku, domin ƙwaƙwalwa ta sake gane iyakar sansarta.

Tiyon nan ba daidaitawa kaɗai yake yi ba, yana kuma tona asiri. In sai an buɗe sukurun wani ɓangare ya fi na ɗayan da juyi guda ko fiye kafin su yi daidai, akwai abin da aka tsallake: toshewa, ko satar iska, ko an taɓa sukurun fenti. In sun daidaita yanzu, bayan minti biyar sun rabu, a koma kan bawul da robobi. Masu silinda huɗu kuwa, akwai silinda ɗaya da kamfani ya mayar uwa, sauran ake gwadawa da ita ɗaya bayan ɗaya, ramukan da ba a aiki da su suna toshe. A nan lalle sai da littafi, domin ba kowane inji ake so ya zama daidai ba: Honda VFR800 na 1998 zuwa 2001 da gangan kamfani ya sa bambanci tsakanin wasu silindarsa, wanda ya daidaita su duka ya ɓata.

Mai babur da ba ya taɓa sifana shi ma yana da nasa aikin, watau tambaya, cikin ladabi. "Maigida, an duba bawul kuwa? Da me za a auna?" Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan. Wanda ya amsa da cewa, "Alhaji, bar ni da shi, kunnena ya isa," a yi masa godiya a tura babur gaba. Su kuma shugabannin makanikai na Nguru da Gashuwa, muna ganin lokaci ya yi da za su nemo wanda ya san injekta, ko daga cikin masu gyaran motoci ne, ya zauna da yaransu, tun kafin ƙananan babura masu injekta su cika kasuwa.

In an yi duk wannan, awo ya yi daidai a silo da sama, amma silinda ɗaya tana nan tana tari, to saura gwaji ɗaya. A musanya injekta ta hagu da ta dama, a sa musu sababbin zoben roba. In ciwon ya tsaya inda yake, a auna ƙarfin matsin silindar, a kuma duba kwayil. In kuwa ya bi injekta ya koma ɗaya ɓangaren, ba sai an ɗora babur a mota ba: a cire injektocin biyu, a naɗe su a leda mai tsabta, a aika wa masu wanke injektar motoci da na'ura a Kano, a ce su gwada feshin kowace su auna abin da take zubarwa kafin wanki da bayansa.